Shafi Ɗaya a Kan Koci Ogushi

Shafi ɗaya aka ce ta rubuta, kuma Isogai, shugaban sashen renon 'yan wasa, sai da ya ɗaga yatsa ɗaya don kar ta ce ba ta ji ba.

"Nagamine-san, ba littafi nake so ba. Mutumin nan yana da amfani ko ba shi da shi? Ƙarshen Satumba nake son amsa."

Mutumin nan shi ne Ogushi, kocin masu jifa na ƙaramar ƙungiya, wadda kowa a harkar besbol, wasan jefa ƙwallo a doke ta da kulki, yake kira gona, don can ake ajiye yara a jira su nuna kafin a kai su babbar ƙungiya. Shekararsa sha ɗaya a wurin. Shekara biyar a jere masu jifansa ne suka fi na kowa shan duka a duk rukunin, su jefa a maka ƙwallon bayan shinge, su sake jefawa a sake makawa. Masu ƙungiya sun riga sun samo wani matashi da ya koyo ilimin jifa a Amurka ya dawo da kwamfuta biyu, kwantiragin Ogushi kuma a Oktoba zai ƙare. Abin da ya rage takarda ce kawai. A kamfani irin wannan ba a sallamar mutum da baki. Sai an sami wanda ya rubuta cewa ya cancanci sallama, sannan manya su bi layi suna buga hatimi suna jimami.

Nagamine Sachie shekararta bakwai a sashen alƙaluma. Ta san saurin jifan kowane ɗan wasa da yawan juyawar ƙwallonsa a iska, amma Ogushi ba ta taɓa yi masa magana ba, sai dai gaisuwar sabuwar shekara. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Filin gona yana bakin kogi, tashar jirgi uku da bas ɗaya daga birni. Da rana ake wasa a can don babu fitilu, ga zafin Agusta mai manne wa mutum riga tun kafin ƙarfe tara. 'Yan kallo ba sa wuce arba'in, yawancinsu tsofaffi masu fansho da lema da gorar shayi, waɗanda suka san kowane yaro har makarantar da ya fito, kuma ba a taɓa haifar mai jifan da ya gamsar da su ba. Ta sami Ogushi a bayan tudun da masu jifa ke tsayawa su yi gwaji, zaune a kan bokitin da aka kife. Gajere ne, ɗan shekara sittin da ɗaya, rana ta gasa masa wuya. Ya miƙe, ya cire hula, ya rusuna, ya koma kan bokitinsa. Ya san abin da ya kawo ta, har mai yankan ciyawa ma ya sani.

"Koci, mene ne tsarinka na horarwa?" ta tambaye shi, biro a hannu.

"Ina zuwa ƙarfe takwas."

"Bayan nan fa?"

"Ina kallo."

"Sai kuma me?"

Ya yi tunani sosai, don mutum ne da ba ya son amsa ta gaggawa.

"Akwai abincin rana," ya ce.

Wanda ke tsugune yana cafe ƙwallon gwaji ya ɗaga abin kare fuskarsa yana dariya. Mabuchi ke nan, shekara ashirin yana wannan tsuguno, gwiwoyinsa sun gaji amma bakinsa ko kaɗan.

"Malama Alƙaluma, rubuta da kyau, yau kin taki sa'a. Matarsa ma ba ta samun jimla uku a rana."

Mako guda ta yi tana zama a gefensa, kuma da yake ƙirga ce sana'arta, ta ƙirga. A kwana shida, maganar da ya yi wa masu jifa sha huɗu ba ta wuce jimla ashirin da uku ba. Ya ce wa wani ya matsa rabin taku hagu a kan tudu. Ya ce wa wani ya yanke farce. Wani dogo da ya yi wata biyu ƙwallonsa na tashi sama, ya ce masa ya daina kallon na'urar auna gudu bayan kowane jifa, ba budurwarsa ba ce. Sauran lokacin kallo yake yi, kuma ba kullum hannu yake kallo ba. Yana kallon yadda suke saukowa daga bas, da yadda suke ɗaure takalmi. A ɗakin cin abinci ma kujerarsa tana lungu, inda yake ganin kowa, yana zuƙar taliyar soba mai sanyi ba tare da ya dubi kwanonsa ba. Nagamine ta rubuta a littafinta cewa ba ta ga tsari ba, ta ja layi a ƙarƙashi.

A mako na biyu ne dogon nan ya ci wasa biyu a jere, ƙwallonsa na sauka inda ake so. Ranar Litinin aka kira shi babbar ƙungiya. A madadinsa aka sauko da wani da ya sha duka a can har ya manta yadda ake riƙe ƙwallo, shi ne ya yi jifa a gona ranar Laraba, maki takwas suka shige shi a zagaye biyu. Nagamine tana shigar da takwas ɗin a ƙarƙashin sunan Ogushi sai hannunta ya tsaya.

Ta koma ofis ta buɗe bayanan shekara sha ɗaya. Ba ta sha wahala ba, abin yana nan a fili, kawai ba wanda aka taɓa biya ya duba ta wannan gefen. Duk wanda Ogushi ya gyara, cikin mako biyu an ɗauke shi, wasannin da zai ci kuma a lissafin kocin babbar ƙungiya za su shiga, mutumin da jaridu suke ɗaukar hotonsa ya harɗe hannu suna ce masa mai sihiri. Wanda ya lalace a can kuma a dawo da shi nan ya lalata lissafin Ogushi. Cikin masu jifa sha uku da ke babbar ƙungiya a ranar, tara sun zauna a gaban bokitin nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta ji daɗi irin na wanda ya tsinci abin da kowa ke takawa yana wucewa, ta kai wa Isogai da saurinta.

Isogai ya karanta, ya cire tabarau.

"Tara cikin sha uku sun bi ta hannunsa."

"Haka ne, Shugaba."

"Sha uku cikin sha uku sun bi ta ƙofar filin. In ƙara wa maigadi albashi?"

"Amma kafin su zo wurinsa..."

"Nagamine-san, ni na yarda da ke. Manyan da ke hawa na tara ba sa karanta amma. Teburin gasa suke dubawa, su ga wa ke ƙasa." Ya mayar da tabarau. "In gona ta fita daga ta ƙarshe kafin kakar wasa ta ƙare, ko da mataki ɗaya ne, zan iya hawa sama in buɗe baki. In ba haka ba, ki rubuta abin da kika ga tebur ya ce."

Ta yi lissafi a jirgi. Abin mai yiwuwa ne, amma da sharaɗi ɗaya, sharaɗin kuma yana da suna: Kabayama Riku, bahago ɗan shekara ashirin daga Kagoshima, wanda ya ci wasa biyar a jere, masu kulki suna ta dukan iska a gabansa. In ya zauna a gona har ƙarshen Satumba za su tsallake ƙungiya ɗaya, wataƙila biyu. In aka ɗauke shi, an gama.

Ranar Talata ta yi abin da ba a aike ta ba. Ta jira aka tashi gwaji, ta tsuguna kusa da bokitin ta gaya wa Ogushi duka, da maganar Isogai da lissafin jirgi. Tausayi ne ya sa ta, da kuma son a san ta gano wani abu. Ogushi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kin wahala," ya tafi wanke hannu. Ba ta lura Mabuchi na bayan raga yana kwance kayan ƙafarsa ba. Kafin a gama abincin rana labari ya kai wurin mai wanki.

Ranar Alhamis da safe aka bugo waya daga babbar ƙungiya. Suna kokawar matsayi na uku, wani mai jifansu ya murɗe ƙafa a matakala, suna son Kabayama ya fara wasan Lahadi. Al'adar gidan ita ce takardar ɗaukar mai jifa ba ta hawa sama sai da hatimin kocin gona. Wannan hatimi shekara sha ɗaya Ogushi yana buga shi ba ya ko zama, wani lokaci a kan gwiwarsa. Ranar nan ya karanta takardar, ya mayar wa ɗan aike ba komai a kanta.

Da azahar Isogai da kansa ya zo filin, a motar kamfani, yana share gumi. Suka zauna a ƙaramin ofishin da ke bayan ɗakin kaya, su uku, fanka na juya zafi daga wannan lungu zuwa wancan.

"Ogushi-san, me ya sami yaron?"

"Gwiwar hannunsa."

"Ya ce tana ciwo?"

"Bai ce ba."

"Nagamine-san, saurinsa ya ragu?"

"Ya ƙaru," ta ce, ba don tana so ba. "Kilomita ɗari da hamsin da biyu a awa ranar Asabar. Juyawar ƙwallo ma daidai take, tsayin da yake sakinta ma bai canza ba."

"To me ka gani?"

"Kwana sha ɗaya ke nan shinkafa da miyar kori yake ci," in ji Ogushi. "Rana da yamma."

Isogai ya jira sauran maganar, sauran maganar ba ta zo ba.

"Koci, ni ma ina cin kori."

"Da cokali ake cin ta. Shi bahago ne har a cin abinci. Yaron da tun zuwansa soba yake ci da kifi, ya bar tsinken cin abinci ya koma cokali. In jijiyar gwiwa ta fara, ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne suke fara mutuwa. Ƙwallo ba ta nunawa da wuri, tsinke yana nunawa. A ba shi kwana goma kar ya taɓa ƙwallo. Bayan nan in riƙa sa shi zagaye uku-uku a nan, ina gani, har kaka ta ƙare."

Wannan ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar, kuma da ya tsaya a kwana goma da ya fi masa. Isogai ya dubi Nagamine, ta dubi fanka.

"A nan," Isogai ya maimaita a hankali. "Har kaka ta ƙare."

"Eh."

"Ka san yadda maganar nan za ta sauka a kunnen mutane? Shekara sha ɗaya ba ka taɓa hana kowa ba. Ranar Talata aka gaya maka kujerarka na hannun yaron nan, ranar Alhamis ka gano yana cin kori."

"Tun kafin Talata yake ci."

"Tun kafin Talata ba ka ce komai ba."

"Ina ƙirgawa ne. Kwana uku kwaɗayi ne, kwana bakwai ma yana iya zama kwaɗayi."

Aka kai yaron asibiti a ranar, aka ɗauki hoton gwiwar, likita ya ce bai ga komai ba, ya ƙara da cewa irin wannan ba kullum take fitowa a hoto ba, wato ya wanke hannunsa ta gefe biyu. Nagamine ta je wurin matar da ke dafa abinci. Kwana sha ɗaya ne cif, matar ta ce, har ta fara tunanin ko hannunta ne ya ƙara daɗi. Sai Nagamine ta kawo shawarar da ta ɗauka ta kimiyya ce: aka zuba waken soya goma a faranti, aka miƙa wa Kabayama tsinke. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin kofi, fuskarsa ba ta motsa ba, ko ɗaya bai faɗi ba.

"Ɗan shekara ashirin da aka kira babbar ƙungiya," in ji Ogushi, "ko hannunsa a karye yake zai tsince wake."

Da yamma Kabayama ya zo gaban bokitin. Ya cire hula, ya rusuna, ya tsaya ƙyam, kunnuwansa sun yi ja. Nagamine na gefe tana yi kamar tana duba kwamfuta.

"Koci, ina neman izinin magana."

"Yi."

"Hannuna lafiyarsa ƙalau."

"Na ji."

"Kori kuma so nake yi."

"Tana da daɗi."

"Mahaifiyata ta riga ta sayi tikitin jirgi daga Kagoshima. Ta rufe shago kwana biyu. Ba ta taɓa ganina a babban fili ba." Muryarsa ta ɗan karye, ya gyara ta. "Koci, kai ka gyara ni, ban manta ba. Amma mutane suna cewa..."

"Me suke cewa, Kabayama-kun?"

Yaron bai faɗa ba, tarbiyya ta hana shi. Ya sake rusunawa, ƙasa sosai har ya wuce yadda ake yi wa koci, irin rusunawar da ta fi zagi zafi, ya juya ya tafi.

Gaskiya ita ce Nagamine ma zargin ya shiga ranta ya zauna. Ta ji kunyar hakan amma bai fita ba. Biri ya yi kama da mutum. Dattijo ne da ba shi da wata sana'a, an nuna masa ƙofa ɗaya da zai tsira ta cikinta, kwana biyu kuma sai ga dalili ya fito daga tukunyar miya. Wataƙila ma ba ƙarya yake yi ba, wataƙila ido ne ya ga abin da zuciya take so. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ta jawo. Da ta kama bakinta ranar Talata, da maganarsa ta ranar Alhamis tana da nauyinta na shekara sha ɗaya. Garin gyaran gira ta tsone masa ido.

Isogai ya ce zai ba shi zuwa Juma'a da rana. In ba hatimi, zai hau da takardar haka nan, ya rubuta a gefe cewa koci ya ƙi ba tare da hujjar likita ba.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas Ogushi ya sauko daga bas sanye da baƙar kwat, ya ɗaure wuya, takalmi na sheƙi.

A wannan sana'a kwat ma'ana ɗaya gare ta. Duk Oktoba ana buga wa wasu waya a ce gobe ka zo ofis, ka sa kwat, kuma ba wanda ya taɓa tambayar don me, kowa ya san sallama ce. Akwai 'yan wasan da ke ɓoye tasu a gidan iyaye don kar su riƙa ganinta a ɗaki. Amma kira ake yi, ba a taɓa jin wanda ya sa ta don kansa ba, balle a tsakiyar Agusta. Yaran da ke miƙe jiki a ciyawa suka tsaya cak. Mabuchi, wanda bai taɓa ganin abu ya rasa abin cewa ba, hularsa kawai ya cire.

Ogushi ya wuce ofis, inda Isogai ke jira da takardar. Ya zaro farin ambulan daga aljihun ciki ya ajiye da hannu biyu.

"Na ajiye aiki daga ranar ƙarshe ta kaka. Ko mun zo na ɗaya ko mun zo na ƙarshe, na rubuta a ciki."

"Ogushi-san, ba wanda ya ce ka..."

"Yanzu ba ni da abin da zan ci a maganar. Ina sake faɗa: kwana goma, sannan zagaye uku-uku."

Gumi na bin wuyan kwat ɗin, wadda da gani an ɗinka ta lokacin yana da ƙiba. Isogai ya daɗe yana kallon ambulan. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya iya lissafin ofis. Masu hawa na tara sun sami kujerar da suke so ba tare da kowa ya ɓata hannu ba. Manajan babbar ƙungiya kuma, da aka gaya masa a waya cewa kocin gona ya sa kwat a kan maganar, ya ce ai dama akwai wani na hannun dama da yake tunani. Ba yarda ya yi da kori ba. Ya dai gane cewa in ya ɗauki yaron yanzu hannun ya lalace, kowa a ƙasar zai san sunan wanda ya ɗauka.

Na hannun daman ya yi jifa ranar Lahadi aka ci su bakwai da biyu. Mahaifiyar Kabayama ta mayar da tikitinta.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Kabayama ya yi kwana goma yana gudu a bakin kogi, ba ya magana da kowa. A kwana na tara mai dafa abinci ta tare Nagamine ta ce yaron ya nemi soba. Nagamine ta buga wa Isogai waya tana haki, ya ce, "To, ya gaji da kori." Bayan nan ya yi jifa zagaye uku-uku sau biyar, maki ɗaya kacal ya shige shi, gona ta tsallake ƙungiya ɗaya ta gama a ta biyun ƙarshe, karo na farko cikin shekara shida. Wannan shi ne matakin da Isogai ya ce zai ishe shi ya buɗe baki. Masu zargi suka ce ai ga shi nan, dama abin da tsohon yake nema ke nan, kwat ɗin ma wasan kwaikwayo ne da ya ƙwace masa. Babbar ƙungiya ta gama a ta huɗu, tazarar wasa ɗaya, tsofaffin masu lema kuma sun san wane wasa ne.

Ta je ta roƙi Isogai ya mayar da ambulan. Ya ce ya riga ya hau sama tun ranar, an buga masa hatimi huɗu, kuma in aka dawo da shi yanzu an tabbatar wa masu zargi maganarsu ke nan. Shafin nata ma ba a buƙatarsa, amma ta kawo don fayil kar ya zauna ba komai. Ta rubuta shi sau shida. Tara cikin sha uku ya shiga, jimla ashirin da uku ta shiga. Maganar gwiwa ce ta rasa inda za ta sa, don takardar tana da gurbin raunin da aka samu, da kwanakin da aka yi jinya, ba ta da gurbin wanda ba a samu ba. Isogai ya buga hatimi yana magana a waya.

Ranar ƙarshe, bayan wasa, 'yan wasa suka yi layi a gaban benci kamar yadda ake yi wa mai tafiya. Aka ba Ogushi furanni, ya riƙe su kamar an ba shi ajiyar jaririn maƙwabta. Ya ce, "Na gode da ɗawainiya. Ku riƙa yanke farce." Kowa ya rusuna. Kabayama ma ya rusuna, daidai gwargwadon da doka ta ce, idonsa a kan ciyawa, ya riga kowa ɗagowa.

Nagamine ta raka shi bakin ƙofa. Rana ta yi sanyi, ana ta loda jakunkuna a motar kaya. Ta daɗe tana juya tambayar kafin ta fito.

"Koci, ka tabbata a lokacin?"

"A'a."

"Kamar nawa cikin goma?"

"Shida." Ya gyara riƙon furannin. "Wata rana biyar."

Haushi da tausayi suka haɗe mata, har ta rasa wanne ya fi yawa.

"Ka ajiye aikin shekara sha ɗaya a kan shida cikin goma? To ta yaya za a san ka yi daidai?"

"In na yi daidai, ba abin da zai faru."

"In ka yi kuskure fa?"

"Ba abin da zai faru."

"Yaron ba zai taɓa yafe maka ba."

"Ya yi ta jin haushina shekara sha biyar," in ji Ogushi. "Da wannan hannun dai."

Sai ga Kabayama ya fito daga ɗakin kaya, jaka a kafaɗa. Ya gan su, ya bi ta ɗaya gefen motar, ya miƙe hanyar gidan kwanan 'yan wasa bai waiwayo ba. Ogushi ya bi shi da kallo, kansa a ɗan karkace, har yaron ya kai kwana ya ɓace.

"Diddigensa na dama ya fara cin takalmi ta waje," ya ce. "Tun Laraba. Ki ce wa mai kwamfutan nan ya duba masa ƙugu kafin hunturu."

Ta zaro littafinta da sauri tana laluben biro, don kar ya ga idonta.

"Amma kar ki ce ni na faɗa. Ki ce na'ura ce ta nuna miki."

Nagamine ta tsaya da biro a hannu. Sannan ta rubuta sunan yaron, ta rubuta ƙugu, a ƙasa ta rubuta cewa na'ura ta nuna.